Kabarin Bulus a Gonar Albasa

Duk Rimawa ba wanda bai san Rifkatu ba, Kirista ɗaya tilo a unguwar. Ita da mijinta Bulus sun zo daga Zuru tun lokacin aikin dam ɗin Goronyo, suka zauna har tsufa. Da Bulus ya rasu, maƙwabta Musulmi ne suka haƙa masa kabari a gefen fadama, ƙarƙashin wata bagaruwa.

To, sai Alhaji Jelani ya sayi fadamar nan. Mutum ne mai idon cin ƙasa, Allah ya sawwaƙe. Ya sa aka sare bagaruwar, ya ce ranar dashe har kan kabarin za a jera albasa.

Kaka Adawiyya, aminiyar Rifkatu da katanga ɗaya ta raba su, ta faɗo gidan ko sallama ba ta gama ba.

"Ke Rifkatu, mi kike jira? Za a shuka albasa bisa mijinki, kina nan kina tsince wake!"

"Na je na roƙe shi, Yaya, ya ce ƙasa tashi ce. Annabawan littafinmu sun ce Allah na ganin wanda ya danne gwauruwa. Ko ya jinkirta, ba ya mantuwa. Shi nake jira."

"Ikon Allah! Mu ma mun san haka. Amma wanga haƙuri naki, wallahi ciwon kai yake sa ni."

Ta fita tana faɗa ita kaɗai. Rifkatu ta yi dariya, sannan ta sa gefen zane ta share ido. Gaskiya tsoro take ji. Ba ɗa, ba jika, tudun ƙasar nan kaɗai ya rage mata.

Ranar dashe ta kasa zama. Ta tafi fadama da sassafe don ta yi wa wurin kallon ƙarshe. Ta tarar da 'yan aiki sun duƙa, Uwaisu shugabansu yana gaba. Dashe ya taho layi-layi har ya kusa kabarin. Sai ta ga layin ya karkata, na bayansa ma ya karkata. Suka zagaye tudun tsaf, ko ɗan itacen da ta kafa don alamar kabarin ba su taɓa ba.

Alhaji Jelani ya diro daga babur yana kumfar baki.

"Uwaisu, mi na haka?"

"Alhaji, mu munka haƙa kabarin nan da hannunmu. In kana son albasa bisa nai, duƙa ka dasa da kanka, mu gani."

Alhaji ya dubi wannan, ya dubi wancan, ba wanda ya sunkuyar da kai. Ya ja tsaki ya hau babur ɗinsa.

Rifkatu ta dawo tana kuka tana dariya, ta samu Adawiyya zaune a ƙofar gida, ƙafafu cikin kwanon ruwan ɗumi.

"Yaya, ban gaya maki ba? Allah ya aiko!"

"Ya aiko kam. Da ƙafafuna ya aiko, gida-gida wajen uwayen yaran nan da matansu. Dube su yadda sunka kumbura."

Rifkatu ta durƙusa ta jawo kwanon gabanta, ta kama ƙafar tana matsawa a hankali.

"A hankali, ke! Ɗayar ta fi ciwo."