Kwat Ɗin Badun a Fadamar Boyekai

Ƙafa ɗaya Halliru ya sauke daga kwalekwale, laka ta karɓe ta har gwiwa. Kafin ya gyara tsayuwa, sai ga shi zaune daram cikin ruwan Rima, da kwat da lakataye, ya ɗaga jakar irin shinkafa sama kamar mai ceton jariri.

Wannan ce damarsa ta ƙarshe a ƙauyen Boyekai, shi ma ya sani. Baturen gona ya gaya masa a Wurno cewa in ruwa ya sauka ba a sami manomin da ya yarda ya gwada sabon irin nan ba, za a mayar da shi ofis a Kaduna. Halliru kuwa ba Kaduna yake tsoro ba. Mahaifiyarsa Kulu ta tsufa, ta yi shekaru tana jiran ya gamo jami'ar Badun can ƙasar Yarbawa, kuma bai iya tunanin ranar da zai sake ce mata zai tafi.

Digirinsa na aikin gona ba ƙarya ba ne. Ya san cutar shinkafa da sunanta na Latin. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda ake yi da tsoho irin Mainasara, Bagobirin da duk manoman fadamar ke bin bakinsa. Kullum Halliru ya zo, tsohon sai ya tare shi da kirarin Bayarabe, tunda ya ci tuwon Badun har ya ƙoshi, Yarbawa kuwa abokan wasan Gobirawa ne tun kaka da kakanni. Shi kuma Halliru sai ya ɗaure fuska, ya yi bayani a tsaye cewa shi haifaffen Wurno ne, ya shiga lacca. Mutane su saurara da ladabi, su watse.

Yau dai babu halin lacca. Aka kai shi zauren Mainasara yana ɗiga, aka ara masa wata tsohuwar riga da wando mai faɗin buhu, aka shanya kayan Turai a kan danga. Dole ya zauna a tabarma. Aka kawo fura ya sha, don sanyi ya kama shi. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, daɗi ya cika shi.

"Yau bawanmu ya dawo gida. Mi ka samo muna Badun, ban da faɗuwa ruwa?"

Zaure ya ɗauki dariya. Halliru ya buɗe baki zai kawo zancen Wurno, sai ya ga kansa cikin wandon nan, ya ga babu sauran girman da zai tsare. Abin ya ba shi dariya shi ma.

"Baba, ai mu Yarbawa mun saba da ruwa. Gobirawa ne muka ji ba su wanka sai ranar Sallah, shi ya sa na zo in nuna muku yadda ake yi."

Idanu suka koma kan Mainasara. Halliru ya ce a ransa shi ke nan, Kaduna ta tabbata. Sai Mainasara ya kwashe da dariya har rawaninsa ya karkace, yana bugun tabarma yana cewa ashe yaron yana da baki, tun tuni ina ya ɓoye shi?

Daga nan aka ɓarke. Tsohon ya zagi barkonon Yarbawa, Halliru ya taɓa zanen fuskar Gobirawa. Aka yi azahar tare, aka ci tuwo. Har la'asar babu wanda ya ambaci shinkafa, kuma Halliru ya yi mamakin yadda bakinsa bai yi ƙaiƙayi ba. Sai da kayansa suka bushe ya jawo jakar, ya ce tunda an tabbatar shi abokin wasa ne, to ya zo karɓar hakkinsa. Gefen gona yake so, a zuba wannan iri. Bagobiri kuwa ba ya hana Bayarabe abin da ya roƙa a gaban jama'a.

Mainasara ya shafa gemu, ya ce lallai an kama shi. Amma wasa ba ya tafiya hannu ɗaya, shi ma zai ɗauki abin da ransa ke so.

Da yamma suka gangara fadama. Tsohon ya nuna masa wani yanki mai kyau kusa da ruwa, wasu manoma suka ce in na Baba ya yi, su ma baɗi suna ciki. Sannan tsohon ya sa aka kafa sanda, aka gicciya wata, ya rataya kwat ɗin Badun a kai da hannunsa, ya ɗaura masa lakataye.

"Wanga shi ka korar muna tsuntsaye," in ji shi. "Shi ma ya yi karatu, bari shi kama aiki."

Halliru ya shiga kwalekwale cikin rigar aro, iska na kaɗa ta. Da suka kai tsakiyar gulbi ya waiwaya. Kwat ɗin na tsaye a gonar, hannuwa a buɗe, yana yi wa fadama lacca. Halliru ya juyo ya ce wa mai tuƙi ya ɗan ƙara hannu, Inna na can Wurno ta ajiye masa tuwo.