Amfilifayar Markus ta Je Gona

Saura awa biyu a ɗaura auren Dibora a coci, yayanta Markus ya fito da jitarsa tsakar gida don gwaji na ƙarshe. Shi zai kaɗa mata waƙar shiga. Wata uku ya yi yana daidaita sautin a amfilifayarsa, irin ta zamani mai ɗan allo, wadda ke ajiye sauti arba'in, kowanne da lambarsa. Na Dibora yana lamba bakwai.

Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Amfilifayar ta yi wani gurnani kamar injin ban-ruwa ya shaƙe. Kaji suka watse.

Dibora ta leƙo daga ɗaki, ɗaurin kanta rabi a kwance. "Yaya, da wannan zan shiga coci?"

"Waya ce. Koma ciki."

Ya canja waya. Gurnani. Ya kashe janareta ya sake tayarwa, ya hura ramin wayar, ya ɗan mari akwatin a gefe. Gurnanin ya ƙara da kuwwa.

Bara'atu, ƙawar amarya, wadda ke yi mata kwalliya, ta fito da jagira a hannu ta tsugunna. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Yaya Markus, gwada lamba takwas."

Takwas ma haka. Tara, goma, ashirin, duk murya ɗaya.

"Lafiyarta lau," in ji Bara'atu. "Wani ne ya shafe sautukanka, ya ajiye wannan a kansu." Ta shafa bayan akwatin, ta nuna masa yatsa. Ƙaiƙayin shinkafa.

Markus ya sosa ƙeya. "Baba Gwadabe ya ara kwana uku. Ya ce sanarwa zai yi."

Baba Gwadabe maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma tuni gurnanin ya kawo shi zaure yana murmushi.

"Ai na ji muryarta na gane ta! Markus ɗana, Allah ya yi maka albarka. Bana jan-baki bai ci mini ko zangarniya ɗaya ba."

"Baba, tsuntsaye ka yi wa sanarwar?"

"To wa ke cin shinkafar? A kwalekwale na kai ta gonata ta Auyo, da ɗan janaretana. Na murɗa komai har ƙarshe, na sa makirfo a cikin garwa ina bugawa. Har na gonar maƙwabcina Shu'ibu sai da suka tashi, ko na gode bai ce ba."

Bara'atu ta sunkuyar da kai. "Baba, ka danna wannan jan maɓallin na ajiye sauti?"

"Shi da ke ta ƙifta mini ido? Kowace lamba na je sai ya ƙifta, ni kuwa in danna shi sau biyu ya yi shiru. Har arba'in ɗin na bi, don kada in bar wa yaro aiki."

Markus ya zauna a kan turmi ya riƙe kai.

"Ana iya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani," in ji Bara'atu, tana duba wayarta. "Amma naka na bakwai ba zai dawo ba."

"Wata uku, Bara'atu."

Dibora ta fito gaba ɗaya, ta tsaya a kansa. "Wata ukun nan wa ka hana barcin rana da shi? Na haddace shi. Ki goge."

"A bar mini ko lamba ɗaya mana," in ji Baba Gwadabe. "Akwai noman rani."

Bara'atu ta danne maɓallai biyu, ta kunna. Allon ya ɗauke, ya dawo. Markus ya taɓa tsirkiya a tsorace, sauti ya fito tas, sai dai a bushe.

"Ya yi kaifi," in ji Dibora, ido a rufe. "Rage. Ƙara amon nan mai dawowa. A'a, ka mai da mu cikin rijiya. Baya kaɗan."

Yana murɗawa tana gyara shi, har ya kai baiti na biyu ba ta sake gyara shi ba. Ya ɗago.

"Shi ne?"

Ta gyaɗa kai.

Markus ya danna jan maɓallin da kansa, sau biyu.