Murfi Mai Sauka a Hankali

Tun da yayarta ta rasu, murfin masai yake faɗuwa da kansa. Da rana tsaka, Mama na kan keken ɗinkinta, sai ta ji ƙwas! daga banɗaki. Ga shi ita kaɗai ta rage a gidan.

Kuskurenta ɗaya, ta gaya wa ɗanta.

"Mama, ki tattara ki dawo wurinmu. Zaman kaɗaicin nan ya fara taɓa ki."

"Uwarka ya taɓa."

"Ai ita nake nufi."

Ta san ɗakin da ya tanadar mata, can bayan kicin, ko keken ɗinki ba zai shiga ba. Ta ce ba inda za ta.

Ranar Asabar ya zo da mai gyaran famfo. Mutumin ya durƙusa, ya jijjiga murfin, ya ce kusoshin sun saki, babbar mota in ta wuce a titi ma ta isa ta kayar da shi. Ya fito da sababbi guda biyu: na gama-gari, da wani mai sauka a hankali wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba.

"Murfin masai ne ko kujerar jirgin sama?" in ji ɗan.

"Ranka ya daɗe, wannan ko ginin ne ya girgiza ba zai motsa ba, sai hannu ya tura shi. In an tura kuwa, shi zai kai kansa ƙasa, ko tari ba ya yi."

Ɗan ya biya yana tsaki, sannan ya juyo. "To Mama, ga sharaɗi. In kika sake jin ƙara, ba murfi ba ne. Ranar zan zo da mota."

Gida ya yi tsit. Mama ta gama ɗinkin da ke gabanta, har ta karɓi sabo.

Wata rana da hantsi, man keke ya ɓata mata yatsu, ta tashi wanke hannu. Ta tura ƙofar banɗaki ta tsaya cik. Murfin na tsakiyar hanya, yana sauka sannu-sannu. A buɗe ta bar shi, kamar kullum. Duk zamansu, Yaya ce mai bin bayanta tana rufewa tana mita.

Da tsohon murfi, kafin ta iso komai ya wuce. Wannan kuwa bai ma kai ƙasa ba. Hannun da ya tura shi bai yi nisa ba.

Waya ta yi ƙara a aljihun rigarta. Ɗan ne.

"Mama, ya gida? Kin sake jin abin?"

Ta zuba wa murfin ido har ya zauna, shiru.

"Ko ɗaya."

"Kin gani? Kuɗina bai tafi a banza ba." Sai kuma ya ce, "Baƙuwa kika yi? Na ji ana buɗe famfo."

Hannunta ɗaya na riƙe da waya, ɗayan na kan ƙofa. Ruwa na zuba a kwamin wanke hannu.

"Ni ce," ta ce. "Wa kake so ya kasance?"

Ta kashe wayar. Da ruwan ya tsaya, ta matsa gefe daga bakin ƙofa, ta ba da hanya.