Ɓargon Zinariya

Mun wuce Ɗa'ifa da kamar sa'a biyu, Zinariya ta bubbuga bayan kujerata. Na gangara gefen titi na tsaya. Da rarrafe ta fita, ta dafa taya tana yunƙurin amai, babu abin da ke fitowa sai shayin da ta sha da asuba. Na juya baya ina kallon tireloli suna wucewa, don ƙanwar maƙwabcina ce, ba matata ba, ko da yake takardar da ke aljihuna ta ce matata ce.

"Yaya Mailafiya, saura nawa?"

"Kaɗan."

"Ƙaryarka ta fi motarka gudu."

Saura kilomita kusan ɗari shida mu kai Riyad, inda yayanta Badaru ke kwance.

Shekara ashirin da shida bango ɗaya ya raba ɗakina da na Badaru a unguwar Sa'alaba, a Jidda. Direba ne a gidan wani tsohon Balarabe, Abdulghani. Mutum ne mai son ci da barkwanci. In Azumi matata ta soya albasa, sai ya ƙwanƙwasa bango ya ce ƙanshi ya ƙetare iyaka ba biza, ya kama shi, a zo beli da kwano. A shekarar 2009 aka ce sankarar jini ce ta kama shi. Kafilinsa, wato ubangidan nasa Abdulghani, ya yi ta sintiri har ya samo masa gado a wani babban asibiti a Riyad. Likitoci suka ce magani ɗaya ne: a kashe ɓargonsa, a dasa masa na ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya. Duk ƙasar nan ba shi da kowa sai Zinariya, wadda ta zo umra shekara ashirin da ɗaya da suka wuce ta zauna, tana sayar da gyaɗa da yaji a bakin masallaci. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ɗauki iƙamar Azumi na ba ta. Tsayinsu ɗaya, kuma niƙabi ba ya tona asiri. Haka muke yi a unguwa, takarda ɗaya takan kai mata uku asibiti. Da sunan Azumi aka ɗebi jininta a reshen asibitin da ke Jidda. Magatakarda ya ce sunan uba bai zo ɗaya da na Badaru ba, na ce masa a ƙasarmu yaro sunan mariƙinsa yake ɗauka. Jini ya dace. Na yi ta yabon kaina.

Kwana huɗu ana yi mata allurar da ke sa ɓargo ya tumbatsa kamar madara a kan wuta, ya malalo cikin jini, a tace shi rana ta biyar a Riyad. Sun so ta je can tun farko, ni na nemi a yi allurar a Jidda, don kowace rana a baƙon gari haɗari ce ga mara takarda. A can kuwa an riga an kashe ɓargon Badaru. Ba shi da nasa, bai karɓi nata ba.

An gaya mana allurar za ta sa ciwon ƙashi, amma ji daban, gani daban. Ta ce ƙugunta kamar ana daka sakwara a ciki, ƙirjinta yana bugawa da kowane rami da taya ta faɗa. Ga zazzaɓi, ga ciwon kai. Fanadol kaɗai aka yarda ta sha, sa'a shida-shida, ni ke riƙe da agogo. Ta roƙe ni in ƙara mata, na ƙi, ta kira ni Fir'auna. A wata tashar mai na sa mai shayi ya cika min gorunan roba biyu da ruwan zafi, na naɗe su da rawanina, ta tokare bayanta da su. Duk sa'a ɗaya ina tsayawa ta taka ƙasa, in matsa mata ta sha ruwa. Azahar da la'asar a zaune ta haɗa su, a kujerar baya.

Da muka hango shingen bincike ta tashi zaune da kanta, ta gyara niƙabi, ta haɗiye nishi. Askari ya duba takardu biyu ya ce yalla. Sai da muka yi nisa ta saki numfashi, ta ce in ta yi kuka kada in gaya wa Badaru, zai mai da shi abin tsokana har tsufa.

Washegari aka kwantar da ita kusa da injin tace jini. Likitar, wata 'yar Sudan mai furfura, ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta kira ni. Ta ce shekara bakwai da suka wuce an yi wa Azumi aikin ido a reshensu, kuma nau'in jinin da aka rubuta a lokacin ba shi ne na yau ba. Jinin mutum ba ya canzawa. Ba ta san kwalbar wa aka gwada ba, ba za ta zuba wa mara lafiya abin da ba ta tabbatar ba. Sai an sake komai daga tushe, kwanaki ne. Na tambaye ta ko Badaru na da kwanakin. Ta mayar da ido kan kwamfuta.

Na buɗe baki zan ƙulla wata ƙaryar, don ban taɓa rasa ta faɗa ba. Zinariya ta riga ni. Ta ɗage niƙabi, fuskar duk gumi.

"Daktora, ni ba Azumi ba ce. Sunana Zinariya Usuman. Ba ni da iƙama. Jinin da kuka gwada nawa ne. Ki ɗiba ki ba shi, in kin gama ki kira su."

Likitar ta dube ta, ta dube ni. Kallon da ta yi min har yau ina jin sa a ƙeya.

"Ni ba 'yar sanda ba ce, ya hajja. Da kin faɗa tun farko."

Aka buɗe mata sabon fayil, Abdulghani ya aiko da sa hannu, aka sake gwajin gaggawa. Kwana ɗaya ya tafi, da ƙarin allura da ƙarin ciwo. Sa'a biyar ta yi a jikin injin, leɓɓanta suna zugi, ba ta motsa hannu ba. Abin da aka samu ɗan ƙunshi ne, bai kai ledar zoɓo ba.

Ta bayan gilashi muka ga Badaru, da waya a hannu. Ya rame, gashin gira ma babu. Ya ce an nuna masa ledar, ya sa an karanta masa sunan da ke jiki sau biyu.

"Auta, na cinye miki tuwo muna yara, na cinye miki gyaɗa, yau ga ɓargo. Me ya rage?"

"Ka tashi ka gani."

Ya tambaye ta ko hanya ta ba ta wuya, ta ce ko kaɗan, barci ta yi ta yi. Ya dube ni, na ce haka ne.

Kwana goma sha tara ya yi. Ɓargon ya kama, har an fara ganin sabon jini, sai ciwon huhu ya shiga. Ranar wata Talata bayan la'asar ya cika, Zinariya tana gefensa da safar hannu. Na bi likitar har bakin lif na tambaye ta ko jinkirin kwana ɗayan nan ne ya jawo. Ta ce a'a. Na sake tambaya, ta sake cewa a'a. Na karɓa, don ba ni da wani abin riƙewa.

A Riyad muka binne shi, mu bakwai a sahu.

Da za mu juyo na miƙa mata iƙamar Azumi, ta ce in mayar aljihu, halas, ta gama da ita. Na ce akwai shinge uku a gaba. Ta ce ta sani. A na farko ta miƙa takardar asibiti mai sunanta da takardar rasuwar yayanta. Askarin ya karanta, ya tambayi iƙama, ta ce babu. Ya daɗe yana kallon takardun. Sannan ya ninke su, ya yi mata ta'aziyya, ya ɗaga hannu. Sauran biyun ba su tsayar da mu ba.

Mun iso Sa'alaba mata sun cika tsakar gida. Azumi ta zuba mata ruwan wanka, sai ta ga abin roba na asibiti mai ɗauke da sunanta har yanzu yana wuyan hannunta, rubutun ya fara dushewa. Ta ɗauko almakashi. Zinariya ta girgiza kai, ta ja hannun riga ta rufe shi. Ta karɓi mabuɗi a wurina, ta buɗe ɗakin Badaru, ta ɗage labule, ta fara shara daga ƙuryar ɗaki.