Silin ɗin Wendell

Shekara huɗu ina auren Marlys, kuma shekara huɗun nan a gidan mutumin da ban taɓa gani ba nake zaune. Wendell sunansa, mijinta na fari, ya rasu shekara tara da suka wuce. Kafinta ne. A unguwarmu da ke garin Duluth na Amurka, duk baƙon da ya shigo kicin ɗinmu sai ya ɗaga kai ya ce, "Kai, Wendell ya iya aiki! Dubi silin ɗin nan, ko tsaga babu." Ni kuwa direban motar ɗalibai ne, abin da na iya da guduma bai wuce rataye hoto ba.

Ba zan ɓoye ba, kishinsa nake yi. Mutum yana kabari amma ya hana ni sakat. Teburin da nake cin abinci shi ya ƙera, matakalar da nake hawa shi ya kafa. Idan Marlys ta yi shiru tana kurɓar gahawa, idonta a sama, sai in ce a raina shi take tunawa.

Da na ga wani ɗan tabon ruwa a kusurwar silin, wanda bai fi tafin hannu ba, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

"Allunan nan sun ruɓe," na ce mata. "Sai an sauke su duka."

"Duka, Russell? Fenti ba zai rufe ba?"

"Fenti? So kike ya rufto mana a ka muna cin abinci?"

Ta ce in yi abin da na ga dama.

Ranar Asabar da safe ta tafi coci sayar da waina da 'yan ƙungiyarsu. Na fitar da kujeru, na shimfiɗa leda, na kashe wutar kicin, na ɗaura takunkumi. Maƙwabcinmu tsoho Arvid ya leƙo ta taga da kofinsa a hannu.

"Russ, yau kuma kafinta muka tashi? Ka dai fara huda ƙaramin rami ka leƙa. Wendell yakan ce..."

"Wendell ya mutu, Arvid."

"To, Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya ja ƙafa ya tafi.

Duka na farko da na kai wa silin ɗin, wallahi har cikin raina na ji daɗinsa. Na zura ƙarfe na ɓamɓaro allo guda, farar ƙura ta turnuƙe ɗakin. Na ɓamɓaro na biyu, na uku, ina gumi ina murmushi ni kaɗai. Da ƙurar ta lafa na ɗaga kai, sai murmushin ya tsaya.

Masu gini a nan suna da wata al'ada, kafin su rufe bango ko silin sai su bar rubutu a jikin katakon ciki. Wendell bai bar katako ko ɗaya ba. Da fensirin kafinta ya bi su, rubutu manya manya. A wani ya sa kwanan watan da ya yi aikin, shekara ashirin da suka wuce. A wani ya rubuta, "Marlys ce ta tallafe mini allon nan da kanta, tana zagina." A na kusa da shi ya zana zuciya, da sunansu biyu a ciki.

Na zo in kori mutum daga gida, ashe ƙofa na buɗe masa.

Saura allo ɗaya a kusurwa, wanda ke da tabon, ya ƙi fita. A katakon gefensa akwai kibiya da rubutu: "Ɗan'uwa mai sauke silin ɗin nan, kada ka sa zarto a nan. Bututun ruwan banɗaki na bayansa. Kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya."

Ɗan'uwa! Ni? Yanzu har daga lahira zai koya mini aiki a gidan matata? Na ɗauko zarton da na aro, na ce ai shekara ashirin ke nan, wa ya san inda bututun yake. Na danna.

Ruwa ya feso mini a fuska kamar an mare ni. Na diro daga tsani, santsin leda ya kwashe ni, na miƙe ina neman inda ake kashe ruwan gidan. Shekara huɗu, ban taɓa tambaya ba. Ina cikin buɗe durowoyi kamar mahaukaci Marlys ta shigo, riƙe da farantin wainar da ta rage.

Ba ta kalli ruwan da ya malale ƙasa ba, ba ta kalle ni ba. Sama ta kalla. Ta ajiye farantin, ta hau tsanin da takalmin cocinta, ta cire mayafin wuyanta ta danne shi a kan zuciyar nan, don kada ruwa ya wanke fensirin. Ruwa na zuba a gashinta, kafaɗunta na rawa.

"Marlys, ina makashin ruwan?"

"Ɗakin ƙasa, bayan tukunyar ɗumama gida," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Za ka gani, ya rubuta a bango."

Ya rubuta kuwa, har da kibiya.

Mai gyaran famfo ya zo da rana ya ɗinke bututun. Ya karanta gargaɗin da ke jikin katakon, ya dube ni, ya tattara kayansa. Gara ma da zagina ya yi.

Da yamma na ce mata ranar Litinin zan sayo sababbin alluna in rufe, kafin sati ya zagayo komai ya koma fes.

"A'a," ta ce a hankali. "Na manta da rubutun nan, Russell. Har yadda yake rubuta sunana na fara mantawa. Kai ka dawo mini da shi." Ta kama hannuna mai farar ƙura ta matse. "Na gode. A bar katakon a buɗe, a shafa masa man katako kawai."

Ni na shafa man da hannuna. Yanzu kullum da safe a ƙarƙashin zuciyar nan nake karyawa, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya karanta da ƙarfi.