Takardun Malam Usmanu

Shafa'atu ta buɗe adakar kakanta ta tarar babu komai sai warin kafur. Wata takwas ta yi tana bin takardun da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya: shaidar rigakafi daga Suwakin, takardar wucewa mai hatimin Faransawa, da wasiƙun ajami da kakan nata, Malam Usmanu, ya rubuta a shekara bakwai ɗin da ya yi a ƙafa daga Katsina zuwa Madina. A kansu ta gina bincikenta. Wata jami'a a Turai ta buɗe gurbin digirin digirgir kan dokokin ƙaura, farfesar da ke kula da gurbin kuma ta rubuto wa Shafa'atu cewa ta turo hotunan takardun kafin Alhamis, in ba haka ba a ba wani gurbin.

Hoto ko ɗaya ba ta da shi. Gwaggo Mariyamu, ƙanwar babanta, ita ke riƙe da makullin, kuma tun farko ta sa ta yi alkawarin ba za ta ɗauka ba. Sai shekaranjiya Shafa'atu ta roƙe ta ta sassauta.

Daga gaban adakar ta wuce ta sami Gwaggo a kicin tana tsinke lalo. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce takardun duk suna da bisimilla a samansu, ga shi sun fara ruɓewa, don haka ta kai su akwatin nan na bakin masallacin Ƙiblatain a nan Madina, inda ake zuba tsofaffin shafukan Alƙur'ani.

Shafa'atu ta figi mota zuwa masallacin. Mai gadin wurin ya ce tun jiya bayan la'asar motar ƙungiyar da ke tattara shafukan ta kwashe, kuma jiƙa takardun ake yi har tawada ta narke. Ta leƙa akwatin duk da haka, ta zura hannu har kafaɗa, ƙarfe kawai ta taɓo.

“Shekara saba'in suna cikin adaka, Gwaggo,” in ji ta da ta dawo. “Sai wannan makon kika tuna da bisimilla?”

Gwaggo ta ture farantin. “Ke da jinsiyya, shaidar zama 'yar ƙasa, a hannu kika buɗe ido, ya binti. Sunan da ke takardun nan ba shi ne a katin ubanki ba. Magatakarda a Jidda ya rubuta mu da sunan madugun ayari, da shi muke har yau. Shi za ki kai wa Turawa su buga a littafi?”

Shafa'atu ta ce shari'a ta karanta, ta san ba wanda zai taɓa su kan wannan, kuma da an tambaye ta da ta rufe sunayen. Gwaggo ta ce Shafa'atu a littafi ta san doka, ita kuwa a layin ofishin takardu ta san ta, tana 'yar shekara shida riƙe da rigar uba. Khalas, maganar ta ƙare.

Shafa'atu ta rubuta wa farfesar gaskiyar abin da ya faru. Ran Laraba amsa ta zo: an yi baƙin ciki, amma kwamiti ba ya ba da gurbi a kan takardun da babu su.

Ta je ta tsaya a kan Gwaggo, ta fassara mata wasiƙar da Hausa kalma bayan kalma, hawaye na sauka kan wayar, don ta ji abin da ta jawo. Gwaggo ta saurara har ƙarshe.

“Alhamdulillahi,” in ji ta.