Tafintar Aji Huɗu

Nunziata Patane ba ta san ita 'yar Italiya ce ba sai da ta shiga makaranta a garin Ingham, a ƙasar masu Turanci. A gidansu, can gefen gonar rake, su dai mutanen Sisili ne, tsibirin da ke kudancin Italiya.

Wata Litinin Malama Dwyer ta shigo aji huɗu riƙe da hannun wata doguwar yarinya, Ilde Zanin, wadda satinta biyu da sauka daga jirgin ruwa, ko gaisuwa ba ta iya da Turanci ba.

"Nunziata, ga 'yar ƙasarku. Tambayar min ita shekarunta."

Nunziata ta miƙe tana hura hanci, ta jefa tambayar da harshen gidansu. Ilde ta yi sororo, sannan ta zubo wani yaren mutanen arewacin Italiya da Nunziata ba ta tsinci ko kalma ɗaya ba.

"Me ta ce?"

Duk aji ya zuba mata ido.

"Wai tara, Malama. Kuma wai ta iya waƙa sosai."

"Madalla! Ranar Juma'a sai ta yi mana ɗaya a filin taro."

Kwana uku Nunziata tana bin Ilde bayan tankin ruwa, tana nuna mata da hannu da baki, kafin Ilde ta gane abin da aka ja mata. Da ta gane, sai da ta murɗe mata kunne.

Ranar Juma'a aka kira Ilde, ita kuwa ta fizgo Nunziata suka fita tare. Kowacce ta ɓarke da waƙar kakarta, murya ba ta bin murya. Malama har da tafi, wai ba ta taɓa jin daɗi irin wannan ba.

A lokacin tara wasu 'yan aji biyar suka tare su.

"'Yan taliya! A sake yi mana kukan kajin nan mana!"

Ilde ba ta ji Turancin ba, amma ta ga fuskokin. Ta cire takalmi, Nunziata ta cire nata, suka kora su har bakin ƙofa.

A gida baban Nunziata ya ce, "Yanzu ke da 'yar arewa kike yawo? Masu cin talgen masara?"

"Baba, a makaranta ba ruwansu, duk taliya suke ce mana."

Ya yi dariya har da tari, ya ce ta kawo ta cin abincin Lahadi, a ga ko za ta iya da barkonon mama. Ilde ta zo, ta ci tana hawaye, ta miƙa kwano a ƙara mata.